Masu Zare Murya Daga Tsohon Faifai

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da kaka ya san irin arzikin da Allah ya yi wa kudancin Katsina. Ga masara jibge a bakin titi, ga dawa, ga waken suya, ga motoci ana lodi zuwa kasuwar Dandume da ta Bakori. Auduga ce ta fara fito da sunan Funtua, tun zamanin da Turawa suka kafa injin gurza a garin, jirgin ƙasan Zariya zuwa Ƙauran Namoda yana tsayawa yana kwasa. Amma yankin bai tsaya ga noma ba, ya yi manyan mawaƙa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zaman Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtua ya shafe shekaru masu yawa. A Funtua kuma aka haifi Hajiya Barmani Choge, wadda ta ɗauko kiɗan ƙwarya daga tsakar gida ta kai shi bainar jama'a.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Barmani ta rasu a 2013. Abin da ya rage mana na muryoyinsu yana kan faifan garmaho, da kaset, da zaren naɗar sauti da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin su Rediyon Najeriya Kaduna. A kan waɗannan tsofaffin kayan ne wata sabuwar sana'a take tsirowa: a zare muryar mawaƙi ita kaɗai daga cikin kiɗan da aka naɗe ta da shi, a tsabtace ta, sannan a ɗora mata sabon kiɗa, abin da matasa ke kira rimis, ko kuma a adana ta haka nan. Ya kamata a san wannan sana'a, domin masu yinta suna taɓa dukiyar da ba tasu kaɗai ba ce.

Sana'ar da ba ta yi sarki ba tukuna

Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da Sarkin Fawa, marina da majema kowa da unguwarsa. Mai zare murya ba shi da ko allo a ƙofar shago, a cikin wasu sana'o'in yake fakewa. Wani mai tura waƙoƙi ne a waya da memori a bakin tasha. Wani DJ ne da ake ɗauka gidan biki. Wani yaron situdiyo ne da ya fara da haɗa kiɗan fiyano ga mawaƙan zamani. Wani kuma mai gyaran rediyo ne da ya gaji teburin mahaifinsa, har da tsofaffin injinan da masu su ba su dawo karɓa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, na'urar juya faifai, dek na kaset, ɗan akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, hedifon mai kyau, sai sola ko janareta saboda halin da wuta take ciki. Ba a makaranta ake koyo ba. Ana koya ne ta bidiyon YouTube, da zama kusa da wanda ya iya, da ɓata aiki a sake. Babban jarin kuwa kunne ne, da sanin Hausa irin ta mawaƙa. Wanda ba shi da waɗannan biyu, ko ya tara na'urorin duniya, ɓarna zai yi.

Kafin allura ta sauka

Faifai ba iri ɗaya ba ne. Na farko-farko, mai juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro mai tauri aka yi shi, yana da nauyi, yana fashewa da zarar ya faɗi, kuma kowane gefe ba ya wuce kamar minti uku zuwa biyar. Shi ne na garmahon da ake wanawa da hannu, mai allurar ƙarfe. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda gefensa ɗaya ke ɗaukar sama da minti ashirin, a 1949 kuma RCA ya kawo ƙaramin mai juyi 45. A kan irin waɗannan ne kamfanoni kamar EMI suka buga waƙoƙin mawaƙan Hausa a Najeriya, kafin kaset ya zo ya kore su daga kasuwa.

A kan faifai, sauti zane ne. Tsagi ne guda ɗaya da ya faro daga baki yana zagayawa har tsakiya, yana ɗan karkacewa dama da hagu, allura tana bin karkacewar tana rawa, rawar ce ake mayarwa sauti. Duk abin da makirufo ya ji ranar da aka yi ɗaukar, muryar jagora, amshi, kalangu, kirarin sanƙira, shewar 'yan kallo, duk sun narke sun zama wannan karkacewa guda. Babu wani layi na murya daban, na ganga daban. Daga nan wahalar sana'ar ta samo asali.

Faifan da ya yi shekara arba'in a ƙasan adaka ya sha ƙurar hunturu, ya sha zafin bazara, ya sha laimar damina. Wani lokaci dattijo ne zai kawo shi naɗe a tsohon rawani, yana miƙawa yana cewa, "Ɗana, bi shi a hankali, na mahaifina ne." Gwani ba ya gaggawar ɗora shi a kan na'ura. Zai riƙe shi ta baki-baki, yatsa ba ya taɓa tsagin, ya karkata shi wajen haske ya duba inda ya karce da inda ya lanƙwashe. Sai ya kawo tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, ya sa buroshi mai laushi yana bin tsagin yadda ya zagaya, ba ya gitta shi, yana kare takardar tsakiya kada ta jiƙe, domin a kanta sunan waƙa da lambar kamfani suke. Ya ɗauraye, ya jingine shi a tsaye a inuwa har ya bushe da kansa. In mai juyi 78 ne, ba a kusantar da shi da sinadari mai barasa, domin yana narkar da ƙaron.

Allura ma da zaɓi. Tsagin 78 ya fi faɗi, yana son allura mai kauri. Siririyar allurar faifan roba ƙasan tsagin za ta shige ta kwaso ƙura da hayaniya. Tsohon garmaho mai allurar ƙarfe kuwa, ko yana aiki, ba a amfani da shi, domin kowane juyi yana ƙara cin faifan. Akwai kuma wani gyara da ba a gani da ido. Masu yanka faifai suna rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa don tsagin ya samu wuri, saboda haka dole a bi da sautin ta na'urar da za ta mayar da shi daidai. A 1954 aka tsayar da ma'auni ɗaya na wannan gyara a Amurka, kafin nan kowane kamfani da nasa. Sai kuma gudun na'urar: in bel ya saki, waƙa za ta yi nauyi, muryar ta sauka. Wanda ya san muryar Shata tun yana yaro a rediyon gidansu shi zai ji cewa wannan ba ita ba ce.

Idan komai ya daidaita, sai a juya faifan sau ɗaya a naɗe shi gaba ɗaya cikin kwamfuta, ba tare da matse shi ya zama MP3 ba. Wannan kwafi shi ne uwa. Ba a taɓa shi, ba a gyara shi, duk aikin da za a yi a kan 'ya'yansa ake yi.

Goge ƙarar karce shi ne mataki na gaba, kuma a nan ake fara gane wanda ya san Hausa. Kowane karce yana fitowa a fuskar kwamfuta kamar ɗan tsini, akwai manhajojin da ke share irinsa da kansu. Sai dai harshenmu yana da baƙaƙe masu fita da ƙarfi lokaci guda, irin su ƙ da ts, ga kuma bugun makaɗi a kan fata. Idan aka ƙara wa manhajar ƙarfi, sai ta ɗauke su a matsayin karce ta dushe su, mawaƙi ya koma kamar mai magana da goro cike da baki. Don haka manyan karce da hannu ake bin su, ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar dabara da dalilin gazawarta a wurinmu

Tun kafin ƙirƙirarriyar basira akwai dabarar da masu haɗa sauti suka sani. Daga 1958 aka fara sayar da faifan sitiriyo, mai sauti biyu, na dama da na hagu. Yawanci ana ajiye mawaƙi a tsakiya, wato muryarsa daidai take a ɓangarorin biyu. Idan aka kife sautin ɓangare ɗaya aka haɗa da ɗayan, duk abin da ke tsakiya sai ya kashe kansa, murya ta ɓace, kiɗa ya rage. In kuma ana da waƙa da kiɗanta zalla na ɗauka ɗaya, ana iya kife kiɗan a kan waƙar, murya ta tsaya ita kaɗai.

A wasu ƙasashen ma ba sai an sha wannan wahalar ba. A Jamaika, tun wajen 1970, an saba buga waƙa a gefe ɗaya na faifai, kiɗanta a ɗaya gefen. Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, mai gyaran rediyo ne a unguwar Waterhouse ta birnin Kingston, shi ya shahara wajen cire murya da mayar da ita a tsakiyar kiɗa har abin ya zama salo mai zaman kansa. A Amurka da Ingila kamfanoni kan buga muryar mawaƙi zalla a bayan faifai don DJ-DJ su yi wasa da ita. Duk wannan ya yiwu ne saboda tun a situdiyo kowace murya da kowane abin kiɗa an naɗe shi a layinsa.

Mu namu ba haka aka yi ba. Mawaƙi da makaɗansa da 'yan amshinsa wuri ɗaya suke tsayawa, a ɗakin gidan rediyo ko a filin wasa, makirufo ɗaya ko biyu a gabansu, kuma mafi yawan ɗaukar sauti ɗaya ne, babu dama babu hagu. Babu abin da za a kife a kan wani. Iyakar abin da ake iya yi a da shi ne a datse kaurin sauti da kaifinsa a bar tsakiya, sai muryar ta fito siririya, kalangu kuma yana nan bai tafi ko'ina ba.

Na'urar da ba ta san kalangu ba

A ƙarshen 2019 kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter mai raba murya da kiɗa kyauta, masu bincike na Facebook kuma suka fito da Demucs. Daga baya irin su Ultimate Vocal Remover da Moises suka kai abin hannun kowa, har a waya. Yadda suke aiki shi ne an ciyar da su waƙoƙi masu yawa waɗanda aka riga aka san muryarsu daban da kiɗansu daban, har suka koyi siffar kowanne, suna iya hasashen rabon kowa a cikin waƙar da ba su taɓa ji ba. Duniya ta ga ƙarfin wannan fasaha a Nuwamba 2023, lokacin da aka saki waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Beatles mai suna "Now and Then". Ɗan ƙungiyar, John Lennon, ya rera ta a gida a kan kaset shekaru kaɗan kafin a kashe shi a 1980, fiyano ya danne muryar, aka kasa raba su, sai da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka horar da na'ura ta zare muryar tsaf.

Mutumin Funtua da ya ji wannan labari zai ɗauka aikin irin na gurza ne: a zuba, auduga ta fita nan, angurya ta fita can. Amma auduga da angurya abu biyu ne da suka manne, kowanne da jikinsa. Murya da kalangu ba haka suke ba.

Kalangu ganga ce mai magana. Tun asali na mahauta ne, kafin mawaƙa irin su Shata su ɗauke shi su kai shi ko'ina. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiya fatar ta ɗaure sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Da wannan hawa da sauka yake bin karin sautin Hausa, har ya faɗi take, ya yi kirari, ya kira mutum da sunansa wanda ya san kiɗa ya waiwayo. A hoton sauti da kwamfuta ke zanawa, muryar namiji layuka ne masu lanƙwasa, kalangu ma layuka ne masu lanƙwasa, kuma kusan a tsayi ɗaya suke tafiya.

Ita kuwa na'urar a kan waƙoƙin Turawa ta yi karatu. Sanannen tarin da masu bincike ke horar da irin waɗannan manhajoji da shi, MUSDB18, waƙoƙi 150 ne, an kasa kowace gida huɗu: murya, ganguna, bas, da sauran kayan kiɗa. A saninta ganga ƙwanƙwasa ce gajera da ba ta hawa ba ta sauka. Da ta ci karo da kalangu sai ta rikice. Wani ɓangarensa ta tura wajen murya, wani wajen bas, inda kuma suka haɗu da muryar a sauti ɗaya sai ta yanke jelar kalma ta tafi da ita. Abin da ke fitowa murya ce da ta yi ruwa-ruwa, tana ɗaukewa tana dawowa, da ɓurɓushin ganga manne a gefenta.

Kowane makaɗi da irin matsalarsa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ya fi sauƙi, domin mutum ɗaya ne da tsarkiya ɗaya da ake kaɗawa. Goge da kukuma sun fi wuya, tunda kukansu ja yake yi kamar na ɗan Adam. Ƙwaryar Barmani ba ta hawa da sauka kamar kalangu, na'ura tana gane ta, amma ga mata suna amshi, ga guɗa tana tsagawa ta sama. Manhaja kuwa duk abin da ya fito daga maƙogwaro murya take kiransa. Ba ta bambance jagora da 'yan amshi, balle sanƙira. Shi kuma Shata ya saba shigowa tun amshi bai gama sauka ba, a wannan gaɓa muryoyin a sarƙe suke.

Inda hannu ke karɓa

Daga inda na'ura ta tsaya gwani yake farawa. Zai bi da waƙar ta manhaja biyu ko uku, ya saurari abin da kowace ta bayar, ya ɗauki wannan ɗango daga nan, wancan daga can. Sai ya buɗe hoton sautin ya faɗaɗa shi har daƙiƙa ɗaya ta cika fuskar kwamfuta, ya bi layin kalangu yana dushe shi kaɗan-kaɗan, yana komawa kan uwa yana gwadawa. Wuri ɗaya zai maimaita har sai maƙwabcin shago ya gaji da ji. Waƙa ɗaya doguwa tana iya cin kwanaki.

A nan sanin abin da ake faɗa yake zama dole. Waƙoƙin nan cike suke da sunayen mutane da ƙauyuka da sarautu da zaurance. A Hausa, tsawon wasali da karin sauti suna sauya ma'ana. In na'ura ta gutsure ƙarshen kalma, wanda bai san me aka ce ba ba zai san an yi ɓarna ba. Shi ya sa ƙwararre yakan gwammace ya bar ɗan kalangu a ƙarƙashin murya da ya ji wa kalma ciwo.

Ɗora sabon kiɗa wani aikin ne daban. Makaɗan wancan zamani ba da agogo suke kiɗa ba. Wasa yana ɗaukar zafi, kiɗa yana ƙara gudu, mai gida ya yi kari a ɗan lafa, a sake tashi. Kiɗan kwamfuta kuwa a miƙe yake, bugu ba ya riga bugu. Mai gaggawa yakan ja muryar ya matse ta har ta zauna a kan kiɗansa, numfashin mawaƙin ya lalace. Mai sanin darajar abin da ke hannunsa kiɗan yake lanƙwasawa ya bi murya.

Sai maganar gurabu. Idan aka zare murya aka saurare ta zalla, za a ji wuraren da mawaƙi ya yi shiru. Sabon shiga yakan ɗauka wurin banza ne ya datse shi. Alhali a nan ne kalangu yake magana, mawaƙin yana sauraro, abin da zai faɗa gaba amsa ce ga abin da ganga ta ce. Wannan ita ce gaskiyar da duk mai wannan sana'a ya kamata ya riƙe: a kiɗan Hausa murya ba hawa kan kiɗa take yi ba, zance suke yi da juna. Wanda ya zare murya ya ɗauko rabin zance ne, kuma nauyi ne a kansa ya san me ya bari a baya. Mafi kyawun rimis shi ne wanda aka kira makaɗin kalangu mai rai ya zo ya cike waɗannan gurabu da hannunsa.

Masu saye, da masu haƙƙi

Masu neman aikin iri-iri ne. DJ yana son tsohuwar murya a kan kiɗan da 'yan mata za su taka a gidan biki. Masu TikTok suna son gutsure na daƙiƙa talatin. Akwai jikokin wanda aka taɓa yi wa waƙa, burinsu kawai su ji sunan kakansu ya fito fes ba tare da hayaniya ba. Akwai kuma ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, da na Bayero, da na Umaru Musa 'Yar'adua. Tun daga Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, zuwa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da littafin tarihinsa a 2006, zuwa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, masu nazarin waƙa da kunne suka riƙa tsamo kalmomi daga cikin kiɗa. Murya zalla babbar gudummawa ce ga mai rubuta matanin waƙa.

Amma sayen faifai sayen roba ne, ba sayen waƙa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin Shata suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, kuma magadansa suna raye, haka na Barmani. Ko a batun Lennon, matarsa Yoko Ono ce ta miƙa wa sauran 'yan Beatles kaset ɗin da hannunta a 1994. Wanda ya ɗora rimis a intanet yana karɓar kuɗi, iyalan mawaƙi ba su sani ba, ya ci haƙƙi, ko doka ta kama shi ko ba ta kama shi ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi tsanani. Murya zalla tana yankuwa tana haɗuwa yadda aka ga dama. Yabon da aka yi wa wani bawan Allah shekara hamsin da suka wuce ana iya ɗinke shi a kan sunan ɗan takara. Zambon da aka yi wa wani ana iya juya shi kan wanda ba a haifa ba lokacin. Sannan tsabtatacciyar murya ita ce ainihin abin da manhajojin kwaikwayon murya ke buƙata don su sa mamaci ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda ya rasu ba ya iya fitowa ya ƙaryata. Dattawan da ke cewa a bar waƙoƙin nan yadda aka same su, wannan ne abin da suke tsoro, kuma suna da hujja.

Duk da haka rufe ƙofa ba zai yi magani ba. Yaron da aka haifa bayan 1999 a waya yake jin waƙa, kuma sau da yawa rimis ne ke fara kai masa tsohuwar murya, daga nan ya nemi ta asali. Abin da ake buƙata shi ne sana'ar ta yi wa kanta ƙa'ida, kamar yadda kowace sana'ar Bahaushe take da abin da ba a yi. A adana uwa, a ba mai faifai kwafinsa. A rubuta a fili cewa wannan rimis ne, ga sunan mawaƙi, ga sunan waƙar asali. A nemi izinin magada, a ba su rabonsu. Kada a sauya wa waƙa wanda aka yi wa ita, kada a sa wa mamaci magana a baki.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Na'ura ba ta san kalangu ba ne saboda ba wanda ya koya mata. Har yanzu akwai makaɗan kalangu da na kotso da na gurmi da matan ƙwarya a Funtua, Malumfashi, Ƙanƙara, Ɗanja da Ƙafur. In aka shigar da su situdiyo aka naɗi kowa a layinsa, da yardarsu da ladansu, za a samu abin horar da manhajar da ta san kiɗanmu, a kuma adana hannun waɗannan makaɗa tun suna raye. Sassan Hausa da na kwamfuta a Zariya da Dutsin-ma da Katsina, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, suna da ma'aikata da ɗaliban da za su iya wannan, gidajen rediyo kuma su buɗe ɗakunan ajiyarsu a kwafe abin da ke ciki kafin zaren ya ruɓe.

Kafin hukuma ta motsa, mai faifai a gida yana da nasa aikin. Ya fito da shi daga ƙasan kaya, ya tsayar da shi a tsaye cikin jakarsa nesa da rana da jikin kwano, kada ya bari yara su gwada shi a tsohon garmaho. In zai kai wa mai sana'a, ya fara tambayarsa ko zai naɗi waƙar cikakkiya, da kalangunta da amshinta, ya ba shi kwafi kafin ya zare komai. Wanda ya amsa da e, ya kuma tambayi ko an san magadan mawaƙin, shi ne ya cancanci a damƙa masa.